Kulu, Mai Tsaron Furen Gadu da Duman Kada

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Talata, tara ga watan Jimada Sani na shekarar 1364, wadda ta zo daidai da ashirin da biyu ga watan biyar na 1945 a lissafin Nasara, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kulu 'yar Kalla, mai tafkin Gidan Jima, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita. Mun sallace ta bayan azahar, muka kai ta makwancinta a gabas da gari. Duk da zafin bazara, mutane sun taso daga Karofane da Buza da ƙauyukan kwarin nan, har inuwar masallaci ta kasa ɗaukarsu. Ta bar duniya tana da shekara sittin da 'yan kai. Ta bar ɗa guda, Jika, wanda ke zaune a Gwadabawa cikin ƙasar Ingilishi, da jikoki uku waɗanda ba ta taɓa sa su a ido ba.

Ni ne Inuwa, limamin garin nan, ɗan goggonta. Kulu, taubashiyata, tun muna tsirara muke tsokanar juna, ke ki ce da ni bawan gidanku, ni in ce da ke matar kwaɗi. Ban taɓa yarda ki yi ta ƙarshe ba, ke ma haka. Yau kwana bakwai ke nan ina magana ba mai mayar mini, kuma wallahi abin ya ishe ni. A wurin zaman makoki mutane sun faɗi alherinki, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai duk inda labarin ya zo kan sunana sai su tsallake, don suna jin nauyin rawanina. To, ni zan faɗa, tun da ke ba ki taɓa jin nauyin rawanin nan ba.

Wanda bai san garinmu ba, sai in fara gaya masa tafkin. Yana yamma da gari, a gindin dutse, inda ƙorama ke saukowa daga fako ta bi ta gefensa ta wuce. Abin da ya raba su wani tudun rairayi ne, dogo, wanda faɗinsa bai fi taku ashirin ba. Tafkin yana cika da damina, ya riƙe ruwa har tsakiyar sanyi, sannan ya bar laka. Tun kafin kakanninmu su san alƙibla gidan su Kulu ke tsaronsa. Sun musulunta, sun bar yanka da zuba fura a gindin dutse, amma akwai abu biyu da ba su bari ba. Mai tafki ba ya kwana a wani gari, ko biki ne, ko mutuwa. Kuma ba ya sauke tsaron sai ya miƙa tafkin cikakke yadda ya karɓe shi, wato ganyen furen gadu ya rufe ruwan tun daga gindin gawo har dutsen wanki, dattawa su zo da kaka su gani da idonsu. Lokacin da ƙarfin Kawu Kalla ya ƙare ɗansa namiji bai isa ba, sai ya danƙa wa Kulu 'yar wuƙar yankan ganye, tana goye da Jika. Mijinta ɗan garin nan ne, kuma bai daɗe ba ya rasu ya bar ta da yaron.

Ciyawa biyu ke wurin, kuma sai da furfura ta kama ni na yarda cewa biyu ne. Dukansu yaɗo suke yi a ƙasa. Dukansu furensu shunayya ne mai bakin kakaki, ya buɗe da sassafe ya rufe kafin azahar. Kina cewa 'yan ɗaki ɗaya ne, hali ne ya raba su. Furen gadu na laka ne da ruwa. Ganyensa siriri ne mai tsini kamar kan kibiya, karansa da rami a ciki, shi ya sa yake kwanciya a kan ruwa ba ya nutsewa. Mutum na ci, dabba na ci, gadun da aka ba shi sunansa ma yana tonon saiwarsa. Amma ba shi da jimiri. Ruwa na janyewa sai ya bushe, ya bar 'ya'yansa da saiwarsa cikin laka su jira wata damina, kuma in rairayi ya binne lakar, magana ta ƙare. Duman kada kuwa rairayi mai danshi yake so, shi ya lulluɓe tudun nan da ke tsakanin ƙorama da tafki. Ganyensa faffaɗa ne, kewayayye, mai kauri, karansa a toshe, kuma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa. Yana nan kore shar ko a tsakiyar rani. Ba a cinsa, kuma dabbar da ta cika ciki da shi rawar jiki ke kama ta. Na sha tambayarki ina kadan yake, tun da kakanmu ma bai taɓa ganin kada a nan ƙasarmu ta Adar ba, ki ce ai shi ke ba mu salla.

Shekarar fara muka san abin da kike tsaro. Hatsi ya fitar da kai ke nan fara ta sauka, kwana biyu ta tashi ta bar mana kara tsaye. Kafin sanyi ya shigo mata sun fara tonon gidajen tururuwa, ana jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Tafki kuwa ya riƙe ruwa a wannan shekarar, ganye ya yi kyau. Kullum kafin rana ta fito kina bakin ruwa, wuƙa a hannun dama, sanda a na hagu. Kika kafa doka: a yanka daga saman gaɓa ta uku, kada wanda ya tuge saiwa, kuma gefen da aka yanka yau sai ya huta kwana shida. Mai jin yunwa ba ya son doka, an zage ki, an kira ki marowaciya. Ba ki kula ba. Matar Maigari ta tuge da saiwa, kika kwaɗe mata hannu da sanda a gaban mutane, sannan kika cika mata ƙwarya da naki rabon.

Ba na manta wani mutum da ya zo daga wajen Keita da 'ya'ya biyu, duk haƙarƙarinsu a waje. Ya ga kore a kan tudu, ya durƙusa yana cusa duman kada a buhu, yaran har sun fara kaiwa baki. Kika sheƙo a guje, ke da ba a taɓa gani kina gudu ba, kika tono ganyen daga bakin ƙaramin da yatsa. Sannan kika karya karan wannan da na wancan, kika ba uban, kika ce: “Busa. In iska ta wuce, ka ci. In ba ta wuce ba, yar da shi.” Kika zaunar da su a gidanki wata guda. Gidana ma da kwaɗon ganyen nan da dusa muka ga damina, kuma 'yata Hasana, wadda yau ke da 'ya'ya biyar, shi ya tsayar da ita da ƙafafunta. Garinmu ya binne mutum goma sha huɗu a yunwar nan. Akwai ƙauyukan da suka watse gaba ɗaya, har yau kufai ne.

Bayan shekara uku aka zo ɗiban mutanen aikin tilas, za a fasa dutse a yi hanyar mota, Jika na cikin waɗanda aka ɗauka. A can wani gardi, dogarin Nasara, ya tsananta masa da bulala, ran nan Jika ya juya ya kai shi ƙasa, ya shiga daji. Bai tsaya ba sai da ya ƙetare iyaka. Tun daga nan sunansa na cikin takardar Nasara, ranar da ya taka ƙasar nan ranar za a ɗaure shi. Ya zama shi ba ya iya zuwa, ke ba ki iya tafiya, alhali kwana biyar ne kawai a ƙasa tsakaninku.

Amma ke kina da ƙofa, kuma kin kusa fita. Kin ɗauki Dije, 'yar ƙanenki, kina koya mata aikin. Tafki yana cike yadda ake so. Da sanyin 1936 kika zo zaurena kika ce in rubuta wa Jika takarda cewa ya saurare ki da kaka mai zuwa, za ki miƙa wuƙa ki taho ki zauna wurinsa, ki ga matarsa da ɗan da ta haifa. Da hannuna na rubuta, ina yi ina tsokanarki cewa kwaɗi za su yi zaman takaba. Ina so a san wannan, don kada wani ya ba ni uzurin rashin sani. Na san abin da kike jira.

Da ranin da ya biyo wani Buzu da na yi wa ɗansa addu'a ya kawo mini tumaki uku daga arewa, har da rago mai ƙaho wanda na ware don layya. Kin gan su, kika ce in ɗaure su, dabbobin garin nan sun san duman kada suna kauce masa, amma baƙi ba su sani ba, kuma shi kaɗai ne kore a wannan lokaci. Na ce matar kwaɗi ba za ta koya wa malami kiwo ba. Bayan kwana huɗu aka zo aka kira ni. Na tarar da su a bakin tudu suna karkarwa, suna tangaɗi, su tashi su faɗi. Biyu suka mutu, har da ragon.

Haushi ya rufe mini ido, kuma haushin malami ya fi na kowa haɗari, don yana da inda zai hau ya faɗe shi. Ran Juma'a na tsaya gaban jama'a na ce kawar da cuta daga hanya sadaka ce, kuma ba ya halatta mu zauna muna kallon guba a bakin garinmu. Maganar gaskiya ce, amma don ragona na faɗe ta. Maigari ya yarda. Ran Asabar aka buga ganga, aka fito gayya da hauyoyi.

Kika zo kika tsaya a kan tudun, kika ware hannuwa. Kika ce: “Inuwa, ka ji tsoron Allah. Wanga haki shi ka riƙe rairai. In kunka ɗebe shi, ƙorama na shiga tafki.”

Na ce: “Ke dai ba ki son a taɓa kayan iskokin gidanku.”

Aka fashe da dariya. Wannan dariyar ita ta kashe tafkin. Mutane sun saba ganinmu muna sa-in-sa tun suna yara, sai suka ɗauka wasan taubasai ne muka kawo wurin gayya don a ji daɗin aiki. Kina ƙara ɗaga murya suna ƙara dariya, mai ganga har yana sa miki kiɗa. Da wani ne ya faɗa miki abin da na faɗa, da kin kai shi gaban Maigari, da an tsaya an saurare ki. Amma ba a fushi da maganar taubashi, ba a kuma kai ƙararsa. Ni kuwa na san ba wasa kike yi ba, na ga idonki. Kalma ɗaya ce zan faɗa a ajiye hauyoyi, ban faɗa ba. Kafin la'asar an share tudun tas, an tara yaɗon an sa masa wuta, na yi addu'a aka shafa.

Ruwa na uku na daminar nan ya sauka da azahar, mai ƙarfi, a kan dutse. Ƙorama ta sauko jawur tana ruri. Ta iske tudun tsirara, ta yanka shi ta tsakiya, ta juye cikin tafki da duk abin da ta ɗauko. Da ruwa ya tsagaita muka fita. Kashi biyu cikin uku na tafkin ya zama filin rairayi, dutsen wanki sai ɗan kansa ake gani. Furen gadun da ya rage a gindin gawo bai fi daɓen zaure ba. Na same ki a tsaye, zanenki a jiƙe. Na jira zagi, na so ki zage ni. Kika juyo kika ce: “Malam, ina wuni.” Ba ki taɓa kirana Malam ba sai ran nan. Shekara guda cur kina gaishe ni da ladabi kamar baƙo, kuma ban taɓa shan horo mai zafin wannan ba.

Kaka ta zo, dattawa suka je suka duba don cika al'ada, suka ga bai cika ba, suka dawo. Wuƙa ta zauna a hannunki. Ba ki zo wurina rubuta takarda ta biyu ba, wani falke kika ba saƙon baki ya kai wa Jika cewa ya ƙara haƙuri.

Daga nan kika shiga aikin da ya cinye sauran ranki. Ki tashi da asuba ki bi ƙorama sama, tafiyar rabin wuni, inda duman kada ya rage, ki yanko ki ɗauro dami a ka, ki dawo kafin magariba don kada kwana ya kama ki a wani wuri. Ki dasa shi a kan tudun gaɓa-gaɓa. Da rani ki ɗebo ruwa a rijiya mai gaba ashirin ki bi shi da tulu kina shayarwa. Ki saro ƙaya ki shinge shi, don kada dabbar wani ta ci a ce ke ce. In kin gama wannan ki shiga tafki da kwando kina kwashe rairayi, don a kai ga laka. Aikin gayyar maza hamsin ne, amma ina mazan? Waɗanda aikin hanya ya bari, soja ya kwashe da yaƙin Nasara ya tashi, saura kuma sun bi sawun Jika. Gari ya zama na tsofaffi da mata. Ke da Dije kuka yi ta yi.

Mutane kuwa ba su gane ba. Aka ce Kulu ta taɓu, tana noman guba tana ba ta ruwan da mutane ke sha. Wani makiyayi ya tuge miki dashen wata biyu a rana ɗaya, kika sake. Wata damina ƙorama ta kwashe rabin abin da kika dasa tun bai kama ba, kika sake. Ni da na san gaskiya me na yi? Addu'a. Shekara takwas ina hawa mumbarin da na yi ɓarnar a kansa duk ran Juma'a, ban taɓa buɗe baki na ce jama'a, na yi kuskure, ku fito mu mayar da abin da muka tuge ba. Ina tsoron a ce liman ya bi bayan al'adar Azna masu bautar iskoki. Sau ɗaya na saci jiki na zo da hauya, kika dube ni sama da ƙasa kika ce bawan da bai san furen gadu da duman kada ba ya koma gida kada ya ƙara ɓarna. Na koma ina murna kamar an ba ni doki, don kin sake kirana bawa.

Abin da na iya shi ne in buɗe miki ƙofar da ba taki ba. Ran da labari ya zo an haifa wa Jika na biyu, na same ki a bakin tafki na ce miki wannan doka ba ta cikin addini, ba aya ba hadisi, ki tafi ki ga ɗanki, in da zunubi a wuyana. Kika aje kwandon kika ce: “Ba iska nike tsoro ba, Inuwa, salla nikai awa kai. Baba ya sa min wuƙag ga ga hannu, nic ce na karɓa. Kuma in na ba da baya kwana goma, wa ka hana su tuge shi? Kai?” Kin san ni, na san kaina.

Kowace kaka dattawa na zuwa da igiya su auna abin da ya rage tsakanin bakin ganye da dutsen wanki. Shekarar farko gaba arba'in da biyu. Sannan talatin da biyar. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci aka koma baya. Kin kaɗa zare kin sa an saƙa wa jikanki na fari 'yar riga tun yana jariri, tana nan cikin tukunya a ɗakinki. Hasana ta ce ki ba falke ya kai, kika ce a'a, da hannunki za ki sa masa. Yaron yanzu ya isa kiwon awaki. A hankali tudun ya sake yin kore, ya kama, har daminar bara ƙorama ta zo da fushinta ta dake shi ta wuce ba ta sami ƙofa ba. Da kaka aka auna, saura gaba huɗu. Ran nan na ga haƙoranki. Kika ce mini in fere alƙalami, baɗi akwai takarda.

Gaba huɗun nan su suka sa kika ƙi hutawa da ranin bana. Kina so ki kwashe rairayin da ya rage kafin ruwa ya sauka. Dije ta ce tun watan jiya kike tari kina ɓoyewa. Ran da kika faɗi, a cikin tafkin aka same ki, kwando a gefenki.

Ana jibi za ki rasu, da safe, kika aika a kira ni da Maigari da Dije. Maigari ya tuna mana abin da magabata suka ce: mai tafkin da ajali ya riska aikin bai cika ba, shi ke nuna wanda zai ƙarasa, kuma ba a mayar da hannun mai mutuwa. Dije ta durƙusa ta miƙo hannu tana kuka. Kowa ya san mijinta ɗan garin Galma ne, kuma ya daɗe yana haƙuri da zaman garin nan saboda ita. Kika dube ta, kika ce ta janye hannunta.

Sannan kika ce, kina hutawa tsakanin kalma da kalma: “Kowa na cewa Kulu na son tafkinta. Ƙarya ta. Tun rad da Jika yat tahi ban ƙara dubin ruwan ga da daɗin rai ba. Ɗana nika son gani, shi ɗai.” Ni da nake taƙama na san ki ciki da waje, ban taɓa zaton haka ba. Ina lallashin kaina shekara da shekaru cewa ai ko ba don ni ba, Kulu ba ta iya rabuwa da ruwan nan.

Na ce ki yafe mini. A gaban Maigari na faɗa, hawaye na zuba cikin gemuna.

Kika ce: “Na yahe maka tun tuni. Amma yahiya daban, aiki daban. Dije yarinya ta, ba ni ɗaure ta da igiyad da kat tuƙa. Miƙo hannu.”

Na miƙa. Kika sa mini wuƙar, kika naɗe yatsuna a kanta da naki hannun. Kika ce: “Gaba huɗu. In ka rikice, busa.”

Ya Allah, ga baiwarKa Kulu 'yar Kalla ta zo gare Ka. Ka san cikin da ta cika a shekarar da uwa ke ɓoye wa ɗanta loma. Ka san alkawarin da ta riƙe alhali zuciyarta na wani wuri. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi. Ka saki ƙafarta a Aljanna ta je duk inda take so. Ka haɗa ta da ɗanta a inda ba iyaka ba gardi. Ka ba Dije da ƙanen marigayiya da dukan gidan Kalla haƙurin rashinta, Ka ba mutanen Gidan Jima wanda zai tsaya musu kamar yadda ta tsaya. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Jika, ɗana, gare ka nake ƙarewa. Ran Juma'ar da ta wuce na tsaya gaban jama'a na faɗi duk abin da ke cikin takardar nan, ban rage ba. Na kuma roƙi dattawa, in tafkin ya cika, a raba tsaronsa gida-gida, kada a ƙara ɗaure mutum ɗaya da shi. Sun ce sai ya cika tukuna za a yi maganar.

Hakkinka ne in taho da ƙafata, in zauna a zaurenka, in riƙe hannunka in yi maka gaisuwar mahaifiyarka, in kuma gaya maka baki da baki cewa ni na hana ta zuwa. Ba a aika irin wannan magana a takarda, na sani. Amma na karɓi wuƙar, ba ni da ikon kwana a wani gari. Kullum da safe yanzu ina kan tudu da tulu, hadari ya fara haɗuwa a gabas, gwiwata kuwa ba ta da kirki. In Allah Ya kai mu kaka ganyen ya taɓa dutse, ka saurare ni, zan zo in durƙusa a gabanka. In bai taɓa ba, ko ni ban kai ba, ka yafe mini daga inda kake. Allah Ya jiƙan Kulu, Ya ba ka haƙuri.